SANTSIN MATAKIN MOTA: DALILINSA DA MAGANINSA

Gabatarwa

Kowane matafiyi da zai shiga babbar mota, ko bas ce, ko tirela, ko a-kori-kura, abin da ƙafarsa take fara taɓawa shi ne mataki, shi ne kuma abin da take rabuwa da shi daga ƙarshe in Allah ya kai su lafiya. Amma in masu motoci suka zauna lissafin gyara, za ka ji ana maganar taya da birki da fitilu da inji, ba safai wani yakan tuna da ɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofa ba. Ba a tunawa da shi sai ranar da ya ka da tsohuwa a tasha, ko ya karya wa yaron mota ƙafa. Sa'an nan a taru a yi jaje, a ce tsautsayi ne, a watse, gobe kuma motar ta sake ɗaukar fasinja da matakin nan yadda yake.

Nufin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a cewa santsin mataki yana da dalilai sanannu, yana kuma da magani mai sauƙi wanda kayan haɗa shi suna nan a kasuwanninmu. An rubuta shi domin masu motoci, da direbobi da yaransu, da masu walda da kafintoci da masu fenti, da shugabannin tashoshi, da kuma fasinjoji baki ɗaya. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba.

Asalin Mataki

Motocin farko dogaye ne daga ƙasa, domin hanyoyin zamanin ba su da kyau. Saboda haka aka riƙa shimfiɗa musu wani dogon faranti a kowane gefe, daga tayar gaba zuwa ta baya, don mutum ya taka ya shiga. Motar Ford da ake kira Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, tana da irin wannan faranti. Da aka soma ƙera ƙananan motoci kusa da ƙasa sai aka bar yin sa, amma Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ta ci gaba da riƙe nata. Duk wanda ya san motar nan zai tuna cewa matakinta a lulluɓe yake da baƙar roba mai layi-layi. Maƙeranta sun san ƙarfe tsirara ba ya riƙe ƙafa.

A yau mataki yana nan a jikin bas-bas, da tireloli da tankoki da tifofi da taraktoci, da kuma motocin jif da a-kori-kura masu tsawo. Mai motar haya da mai motar gida duk maganar ta shafe su.

Girman Haɗarin

Mutane da yawa ba su ɗauki faɗuwa daga mataki a bakin haɗarin mota ba, tun da yake yawanci motar tana tsaye abin yake aukuwa. To, amma ƙashi bai san wannan bambanci ba. Wanda ya faɗo daga tsawon mita 1 yana isa ƙasa da gudun da ya kai kusan kilomita 16 cikin awa, kuma ɗakin direban tirela ya fi haka nisa daga ƙasa. Abin da ke jiran mai faɗuwa kuwa shi ne kwalta, ko bakin kwatami, ko gefen matakin kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum wajen 684,000 suke mutuwa kowace shekara a duniya ta dalilin faɗuwa iri-iri, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. In aka ɗebe haɗarin hanya, babu wani haɗari da ya fi faɗuwa kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa cikin mamatan. Tsoho in ya karye a ƙugu yakan daɗe a kwance, wani ma ba ya sake tashi. Mace mai ciki tana ɗauke da rai biyu, mai goyo kuma in ta zame ta baya, a kan yaron za ta faɗa. Direban da ya gurɗe a idon sawu ba zai iya taka birki ba, ga iyali suna jiran cefane. Mafi muni duka shi ne a zame a daidai lokacin da mota ta fara motsi, domin tayar baya ba ta da nisa da ƙofa.

Abin da Ke Kawo Santsi

Abin da ke riƙe ƙafa a kan mataki shi ne kamun da ke tsakanin tafin takalmi da fuskar ƙarfe. Kowace fuska, ko da ido yana ganinta sumul, tana da 'yan ƙananan tudu da kwari. In aka taka, sai na takalmi su shiga cikin na mataki su sarƙe. Santsi yana samuwa ne ta hanya biyu: ko dai kaushin ya cinye, ko kuwa wani abu ya shiga tsakani ya raba su.

Na farko aikin yau da gobe ne. Dubban takalma masu ɗauke da yashi suna goge mataki kamar samfefa, har bakinsa ya yi ƙyalli. Duk inda ka ga mataki yana walƙiya, to, nan ne ya cinye, kuma daidai nan ne kowa yake sa ƙafa.

Na biyu kuwa ya danganta ga lokaci da irin kayan da mota take ɗauka. Da damina ruwa ne da laka. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, fasinja ta gefen dama yake shiga bas, watau ta bakin hanya, inda kwatami yake, inda kuma ruwa da taɓo suke taruwa. Sai ya taka laka tukuna, kana ya taka mataki. Da hunturu kuma ƙura mai laushi takan kwanta a kan ƙarfe, ta riƙa mirginawa a ƙarƙashin takalmi kamar an zuba gero a kan siminti. Baƙin mai da giris da man gas sun fi waɗannan duka sharri, domin ruwa yana bushewa, su kuwa ba sa bushewa. A manyan motoci da yawa matakin direba yana daf da tankin mai, duk ɗigon da ya zuba wajen shan mai a kansa yake sauka. Haka nan motar da ta ɗauko tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, da wadda ta ɗauko shanu daga Potiskum, da wadda ta kawo manja daga Kudu, kowacce da irin sulɓin da take barin wa yaranta.

Akwai kuma santsin da mutum yake saye da kuɗinsa. Masu wankin mota sukan shafa wa matakin jif man nan da ake sa wa taya don ta yi baƙi ta yi sheƙi. Man yana da sinadarin silikon, wanda aikinsa ke nan ya sa abu ya yi sulɓi. Mai mota ya hana a kai shi kusa da mataki, ko fedar birki da ta totur.

Yadda Ake Auna Kamu

Masana suna auna kamu da lissafi mai sauƙi. A ɗora nauyin kilo 10 a kan takalmi, a ja shi a kan mataki. In sai da aka sa ƙarfin da ya kai na kilo 5 kafin ya motsa, an ce kamun rabi ne. In da ƙarfin kilo 2 kaɗai ya zame, kamun kashi ɗaya ne cikin biyar, wannan kuwa tarko ne. Masana da yawa sun ɗauki rabi a matsayin ma'aunin da ake so wurin takawa ya kai.

A Jamus akan shafa mai a kan abin da za a gwada, mutum ya sa takalmin aiki ya yi tafiya a kansa, ana ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali har ya zame. Gwargwadon gangaren da abin ya jure ake ba shi lamba, daga R9 zuwa R13. Mai lamba R13 shi ne wanda ya riƙe ƙafa a gangaren da ya wuce digiri 35. In ka ga irin wannan lamba a jikin kwalin kaya, ka zaɓi mafi girma domin matakin da ke shan mai da laka.

Kowane mai gareji yana iya yin kwatankwacin wannan. Ya sami katako mai tsawon mita 1, ya lulluɓe shi da abin da yake so ya sa wa mataki, ya jiƙa shi da ruwa, ya ɗora takalmi da dutse a ciki, sa'an nan ya riƙa ɗaga kai ɗaya. In kan katakon ya kai santimita 45 daga ƙasa takalmin bai zame ba, kamun ya kai wajen rabi. A gwada da silifas da takalmin roba, tun da su yawancin fasinjojinmu suke sawa, kada a tsaya ga takalmin ƙafa-ciki mai sabon tafi.

Hanyoyin Magani

1. Wanki. Wannan shi ne tushe, domin duk kaushin da mai ya rufe ya tashi daga aiki. A wanke mataki kowace safiya da garin sabulu da buroshi mai tauri, a ɗauraye, a goge. A ajiye tsumma a bakin ƙofa lokacin damina. In mai ya zuba a hanya, a barbaɗa yashi ko toka ya tsotse shi, a share, a wanke in an isa. Kada a wanke mataki da man gas ko kananzir, gama su ma santsi suke bari. A kuma nemi inda man yake ɗiga a toshe.

2. Tef mai kaushi. Akwai wani tef da ake sayarwa a shagunan kayan gini da na kayan mota, fuskarsa kamar samfefa, bayansa da gam. Lambar kaushinsa kamar ta samfefa take, ƙaramar lamba ita ce mafi kaushi: 60 ya isa bas da jif, 36 ko 24 na tifa ne da tarakta. Nasarar aikin tana ga shiri. A kankare tsatsa da tsohon fentin da ya ɗago, a wanke, a goge da tina don maiƙo ya fita, a bari ya bushe ƙayau. A yanka tef ɗin, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi, domin daga kusurwa mai tsini yake fara ɗagowa. A liƙa shi daga gefe ɗaya ana dannawa da ƙarfi don kada iska ta maƙale a ciki, a bar shi ya kwana kafin a wanke motar. Gam ba ya kama ƙarfe mai sanyi ƙwarai, saboda haka a wurare irin su Jos da Mambila, lokacin hunturu, a bari sai rana ta ɗaga. In matakin mai tudu-tudu ne, a nemi tef mai bayan alminiyam wanda yake bin lungu in an bubbuga shi da gudumar roba. Ranar da gefen tef ya ɗago a canza shi, don ɗagaggen tef tuntuɓe yake sawa.

3. Fenti da yashi. Wannan ita ce hanya mafi araha, kuma kowane mai fenti zai iya. A samo yashin rafi mai tsini, a wanke shi ya rabu da laka, a shanya, a tankaɗe da rariya don a fid da tsakuwa da gari. Mazauna Legas da Fatakwal da Kalaba su guji yashin bakin teku, gishirin da ke cikinsa yana cin ƙarfe. A goge matakin da samfefa, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, in ya bushe a shafa fentin mai da kauri. Tun yana ɗanye a barbaɗa yashin har ya rufe shi ruf. Kashegari a share wanda bai kama ba, a bi da fenti siriri sau ɗaya don ya ɗaure sauran. In aka cika fentin sama, yashin zai nutse, an koma gidan jiya. Wannan aiki yana cinyewa, don haka a sabunta shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

4. Roba. Ana iya shimfiɗa tabarmar roba mai layi-layi, ko a yanko bayan tsohuwar taya wadda zanenta bai shafe ba. Tayar da ta yi sanƙo ba ta riƙe hanya ba, ba kuwa za ta riƙe ƙafa ba. A shimfiɗa robar yadda layukanta za su bi tsawon mataki, watau su gitta wa ƙafar mai hawa. A lura da wayar ƙarfe da ke cikin taya, a datse ta, a rufe bakin yankan don kada ta tsaga ƙafa. Gam kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da noti masu zagayayyen kai. Tun da ruwa yakan ɓuya a ƙarƙashin roba ya ci ƙarfe ba a sani ba, a yi wa ƙarfen fenti tukuna, a huda masa 'yan ƙofofin tsiyayar ruwa, a kuma riƙa leƙa ƙarƙashinsa.

5. Ƙarfe mai raga. Motar da take aiki cikin laka, kamar tifa da tarakta da motar shanu, tef da fenti ba sa daɗewa a jikinta, laka takan cike su. Abin da ya dace da ita shi ne mataki mai raga ko mai huda-huda da bakin hudar ya ɗago sama, yadda laka za ta zube ƙasa, haƙoran kuma su kama takalmi. Farantin ƙarfen nan mai zanen tudu-tudu da masu walda suka fi sawa yana da ƙarfi, amma in ya jiƙe ko ya sha mai yana da santsi fiye da yadda ake zato, balle in tudun ya cinye. Sai dai mataki mai haƙora na ma'aikata ne masu takalmin aiki. Kada a sa shi a ƙofar fasinja, inda yara suke hawa ba takalmi, inda kuma bakin zane da hijabi da babbar riga suke jan ƙasa.

In matakin na katako ne, kafinta ya ƙwanƙwasa shi ya ji ko ya ruɓe, ya canza ruɓaɓɓen, ya kafa siraran katakai a gicciye, ya nutsar da kan kowace ƙusa. Kowace hanya aka bi kuma, a ja layin fenti rawaya a bakin mataki, a sa masa ƙaramar fitila, domin mai sauka da asuba ko da dare ya ga inda ƙarfe ya ƙare.

Gargaɗi ga Masu Walda

Kada gyaran abu ɗaya ya jawo ɓarnar da ta fi shi. Ba a yin walda ko huda a jikin tankin mai ko kusa da shi, ko da an ce babu kome a ciki, gama tankin da ya rage tururin mai ya fi cikakke saurin fashewa. A kwance matakin, a kai shi nesa, a yi aikin, a dawo a ɗaura. Wannan ya fi zama wajibi ga tankar mai. In tilas sai an yi walda a jikin mota, a cire kan batir tukuna. Kada a huda ko a ƙona shasi ba da izinin maƙeran motar ba, domin nan ne ƙashin bayanta. Bayan an gama a goge duk wani kaifi, sa'an nan mutum mai nauyi ya hau ya jijjiga matakin, don a tabbata ƙafafunsa ba su ruɓe ba.

Madafa da Yadda Ake Hawa

Mataki mai kyau rabin aiki ne, sauran rabin yana ga hannu. Ƙa'idar ita ce, cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su kasance a jikin mota kowane lokaci, ɗaya kaɗai yake motsi. A Amurka an sa wannan cikin dokar ƙera manyan motoci masu ɗakin direba a bisa inji tun daga 1982, aka kuma ce matakin farko kada ya wuce inci 24 daga ƙasa, watau wajen santimita 61. Mai motar da matakinta ya yi nisa ya ƙara wani a ƙasa, ya kuma kafa ƙarfen kamawa mai ƙarfi a bakin ƙofa.

Direba da yaron mota su sauko da baya, fuskarsu tana duban mota, kamar mai saukowa daga tsani, kada su yi tsalle. Fasinja ya miƙa kayansa tukuna, ya hau hannu sake. Ya kankare lakar takalminsa, ya tattare rigarsa, ya sa tsakiyar ƙafa a kan mataki, ba ɗan yatsa ko dunduniya ba. A kama wa tsofaffi da masu ciki da makafi hannu, a karɓi yaro daga hannun uwarsa har ta sauka.

In wani ya faɗi ya bugi kansa, ko yana kukan wuya ko baya ko ƙugu, kada a finciko shi a tsayar. A bar shi kwance, a tsare shi daga motoci, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a lamba 122, wadda kyauta ce. Mai ciki kuwa a kai ta asibiti ko da ta ce ba ta jin kome.

Haƙƙin da Ke Kan Kowa

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, kuma ita da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, watau VIO, suna da ikon tsayar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba. Dokokin hanya sun hana direba ya bar mutum ya maƙale a kan mataki ko a gefen mota tana tafiya. An yi mataki domin hawa da sauka, ba wurin zaman yaron mota ba ne. Direba kada ya tashi sai ya tabbata ƙafar mutum na ƙarshe ta bar mataki, an rufe ƙofa.

Amma jami'i ba zai kwana a kowace tasha ba. Saboda haka ake roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu motocin sufuri su sa duba mataki cikin abin da ake yi kafin mota ta shiga layin lodi, su kuma zuba tsakuwa ko yashi inda ruwa yake kwanciya a wurin hawa. Fasinjan da ya ga mataki mai santsi ya faɗa wa direba cikin ladabi, in bai ji ba ya gaya wa shugaban tasha.

Kai mai mota, wanda ya biya ka kuɗin mota amana ya ba ka, tun daga sa ƙafarsa har saukarsa. Gwangwanin fenti da kwanon yashi ba su kai kuɗin ɗorin karaya ɗaya ba, balle ran mutum. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Fita ka duba matakin motarka yau, ka zuba masa ruwa ka taka da silifas. In ƙafarka ta zame, to, kada ka ɗauki fasinja sai ka gyara.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.